Ba Kowane Ƙi Ne Ƙiyayya Ba

Akwai wata kalma a harshen Turanci wadda aka ɗora wa kaya har ƙafafunta suka lanƙwashe. Kalmar ita ce “hate”, tare da 'yar'uwarta “hatred”. Ƙamus yakan fassara su da ƙiyayya, ɗalibi ya haddace, ya wuce abinsa. Amma wanda ya zauna da masu harshen, ko ya saurari rediyonsu, zai ji yaro ya faɗe ta a kan kabeji, ma'aikaci ya faɗe ta a kan ranar Litinin, mawaƙi ya jefe ta ga wanda ya ce waƙarsa ba daɗi, alƙali kuma ya rubuta ta a kan mutumin da ya yi kisankai saboda launin fata. Kalma ɗaya tak ke yin wannan hidima duka. Da lahanin ya tsaya a Ingila da Amurka da sai a bar musu kayansu. Amma ya ƙetaro, ta makarantun Kumasi da Akara, ta fassarar labarai a rediyo, ta wayar da ke hannun kowane saurayi, har ya soma gurɓata yadda Bahaushe ke auna abin da ke cikin zuciya.

Asalin kalmar ba na wasa ba ne. A tsohon Turanci, wanda aka yi fiye da shekara dubu da suka wuce, aikatau ɗin shi ne “hatian”, sunan kuwa “hete”, ana kuma nufin gaba irin wadda ke kai ga tsanantawa da zub da jini. Jamusawa har yau suna da “Hass” daga wannan saiwa. Waɗanda suka yi karatu a Nijar ko Cadi ko arewacin Kamaru sun san “haine” da “haïr” na Faransanci, su ma daga tsatson nan suka fito, gama Faransawa sun karɓe su ne daga harshen ƙabilar Farank. Sai dai Bafaranshe ya yi wa kalmarsa tanadi. In abinci ne bai yi masa ba, “détester” yake ɗauka, ya ajiye “haïr” sai ranar babbar magana. Bature na Ingila bai yi wannan tanadi ba. Ya yi ta kashe kalmar kamar kwabo, har ta kai ga mutum mai ladabi, in zai roƙi alfarma, yakan fara da “I hate to trouble you”, wato ba ya son ya dame ka. A bakinsa kalmar gaba ta zama kalmar neman gafara.

Wani zai ce ai Hausa ma haka take, tun da ana cewa mota ta ƙi tashi, yaro ya ƙi wanka, ba wanda kuwa ya ɗauka mota tana da maƙiyi. Gaskiya ne, “ƙi” tana da faɗi. Amma Hausa ta kafa matakala a bayanta, kowane mataki da sunansa. Haushi yakan zo ya tafi, fushi kuma wuni ɗaya kan iya kashe shi. Ƙyama ta ido ce da hanci. Kishi da hassada suna duban abin hannun wani. Gaba ita ce daina gaisawa, ƙullata kuwa ita ce ajiye laifi a ciki ana jiran rana. Can ƙarshe sai a ce wane ya ƙi jinin wane, duk mai jin Hausa kuwa ya san an iso wurin da ba a wasa. Tsohuwa a Maraɗi ba za ta ce tana ƙiyayya da miyar kuka ba, cewa za ta yi ba ta sha. Jikarta da ta koyi Turanci ita ce za a ji tana cewa ta tsani miyar kuka, ta tsani ranar Litinin, ta tsani malaminta, da murya ɗaya. Harshe mai matakala goma ba shi da dalilin sayar da su ya sayi tsani mai hawa ɗaya.

Sauƙaƙa kalmar a kan abinci bai cuci kowa ba sosai. Cutar ta soma ne sa'ad da aka haifi wata kalma daga cikinta, wato “hater”. Ta yaɗu ne ta bakin mawaƙan zamani na Amurka a shekarun 1990, da farko kuwa mai hassada ake nufi, wanda ya ga ɗan'uwansa ya samu ya ji zafi. Har nan ba laifi, gama Bahaushe ma ya daɗe yana rubuta a bayan motarsa cewa hassada ga mai rabo taki ce. Amma ba a daɗe ba kalmar ta buɗe baki ta haɗiye duk wani mai suka. Wanda ya ce wa ɗan siyasa ina kuɗin rijiya, an sa masa wannan suna. Wanda ya tambayi mai wa'azi inda ya samo jirgin sama, shi ma. Uwar da ta ce wa 'yarta wannan saurayi ba na aure ba ne ta shiga sahu. Amfanin kalmar ga mai faɗinta a fili yake, wato tana ɗauke masa wahalar amsawa. Da zarar an ce mai tambaya maƙiyi ne, tambayarsa ta mutu, ba sauran bukatar a buɗe littafin kuɗi. Wannan dabara ta shigo ikkilisiya da takalmanta. Akwai shugabanni da ke tsayawa a bagade suna addu'a a kan “maƙiya”, alhali kowa a majami'a ya san dattawa biyu ake nufi, waɗanda suka nemi a karanta lissafin baiko. Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a tun da daɗewa da suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To, mece ce ƙiyayya, in an tuɓe mata wannan rigar aro? Aristotal, masanin Helenawa da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Almasihu, ya bambanta ta da fushi a littafinsa na fasahar magana, har yau kuwa ba a sami wanda ya fi shi daidaita ma'aunin ba. A ganinsa fushi yana kan mutum guda saboda abin da ya yi, ƙiyayya kuwa tana iya rufe jinsi ɗungum, har waɗanda ba a taɓa gani ba. Lokaci yana warkar da fushi, ba ya warkar da ƙiyayya. Mai fushi yana jin zafi a ransa, yana so wanda ya ɓata masa ya ɗanɗana, ya kuma san dalili, in ya ga ya sha wuya ma yakan ji tausayi. Mai ƙiyayya ba ya jin zafi, bai damu ko wancan ya gane ba. Abin da yake so shi ne a wayi gari babu shi. Wannan ne ma'aunin. Mai gardama yana bukatar abokin gardamarsa da rai domin ya rinjaye shi, mai tsautawa yana so wanda ya tsauta wa ya gyaru ya zauna. Maƙiyi kaɗai ne ke son wurin ya zama fili.

Abin da ya biyo bayan wannan shi ne abin da masu yayata kalmar suka kasa gani, wato ƙiyayya ta ainihi ba ta cika surutu ba. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san labarin Absalom da Amnon a 2 Sama'ila sura 13. Bayan Amnon ya ɓata Tamar, sarki Dawuda ya husata ƙwarai, bai kuwa yi kome ba. Absalom bai ɗaga murya ba, bai ce wa Amnon uffan ba, mai daɗi ko marar daɗi. Shekara biyu cur, na ciki na ciki, sa'an nan ya shirya biki lokacin sausayar tumaki, ya gayyaci ɗan'uwansa, ya sa barorinsa suka kashe shi. Da akwai mai farautar munanan kalmomi a fadar Dawuda, da sunan sarki zai rubuta, ya bar Absalom ya wuce.

Haka ta faru a birnin Charleston na Amurka ran 17 ga Yuni 2015. Wani saurayi farar fata, Dylann Roof, ya shiga majami'ar Emanuel ta baƙaƙen fata da yamma, ana nazarin Littafi Mai Tsarki. Aka marabce shi, aka ba shi wurin zama. Ya zauna da su kusan sa'a guda, sa'an nan ya zaro bindiga ya kashe mutum 9, har da fastonsu Clementa Pinckney. Ba ɗayansu da ya taɓa yi masa laifi, bai ma san su ba. A abin da ya rubuta a kurkuku, wanda aka karanta a kotu a watan Janairu 2017, ya ce bai yi nadama ba. A Ruwanda ma, inda aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100 a 1994, Turawa sun laƙaba wa gidan rediyon RTLM sunan rediyon ƙiyayya, sunan kuwa ya dace da shi. Amma masu magana a gidan ba cewa suke yi sun ƙi Tutsi ba. Kyankyasai suke kiransu, kisan kuma suna kiransa aiki, suna haɗawa da kiɗa da barkwanci. A Nyange an rushe majami'a da katafila a kan mutum aƙalla 1,500 da suka fake a ciki, kotun duniya da ke Arusha kuwa ta sami limamin majami'ar, Athanase Seromba, da laifi a 2006, ta kuma mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai a 2008. Duk mai bi ya kamata ya riƙe wannan suna a ransa.

Saboda irin waɗannan al'amura ne kalmar ta shiga littafin doka, kuma kada kowa ya yi wa dalilin ba'a. A 1990 Amurka ta kafa dokar tattara lissafin abin da suke kira “hate crime”. A watan Yuni 1998, a garin Jasper na jihar Texas, wasu fararen fata uku suka ɗaure James Byrd a bayan mota da sarƙa, suka ja shi kusan kilomita 5 har ya mutu, dokar tarayya ta 2009 kuwa tana ɗauke da sunansa tare da na Matthew Shepard. A Landan an daɓa wa Stephen Lawrence wuƙa a tashar bas a 1993, yana ɗan shekara 18, 'yan sanda suka yi sakaci da binciken, sai a 2012 aka ɗaure biyu daga cikin waɗanda suka kashe shi. Al'ummar da ta ga wannan ta nemi suna na musamman domin laifin ba ta yi kuskure ba.

Kuskuren yana cikin sunan da aka zaɓa. Doka ba ta iya leƙa zuciya, saboda haka abin da take dubawa a zahiri shi ne ko an zaɓi mutum ne domin launinsa, ko addininsa, ko wani abu irin wannan. Wannan wariya ce, da an kira ta da sunanta da an huta. Da aka kira ta “hate” sai abu ya juye. Mutumin da ya ƙullaci ƙanensa shekara ashirin a kan gona, ya kashe shi, bai yi “hate crime” ba a Turancin shari'a, Absalom ma da ya kuɓuta daga wannan tuhuma. Yaron da ya furta baƙar kalma cikin faɗan da ya manta da shi kashegari, shi ya shiga. Sa'an nan aka ƙara wani mataki. Rahoton Macpherson na 1999, wanda ya binciki sakacin da aka yi a kan Lawrence, ya ba da shawara a ɗauki al'amari a matsayin na wariyar launi in wanda abin ya shafa, ko wani dabam, ya ga haka ne. Nufin mai kyau ne, domin kada ɗan sanda ya sāke kore mai ƙara daga bakin ƙofa. Amma da aka shimfiɗa wannan ma'auni a kan kalmar “hate”, sai ƙiyayya ta tashi daga zuciyar mai magana ta koma kunnen mai ji. Da sabuwar dokar Sikotilan ta fara aiki ran 1 ga Afrilu 2024, a makon farko kaɗai aka aika wa 'yan sanda ƙorafi fiye da 7,000 ta intanet, laifi 240 kuwa suka rubuta a wannan mako.

Masu mulki a Afirka ba su yi nawa ba wajen gane amfanin wannan wuƙa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan haƙƙin ɗan ƙasa, a sashe na 20, ta ɗaure maganar da sharaɗi, wato abin da za a hana shi ne yaɗa ƙiyayya wadda ta kai ga zuga mutane su yi wariya, ko gaba, ko tashin hankali. In aka cire sharaɗin zuga, abin da ya rage shi ne duk maganar da ba ta yi wa mai iko daɗi ba. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo wa majalisar dattawan Nijeriya ƙuduri a kan “hate speech” wanda ya tanadi rataya in maganar ta jawo mutuwar wani. Jama'a suka yi ca, ƙudurin bai zama doka ba. A watan Agusta 2020 aka ɗaga tarar da ake ci wa gidajen rediyo da talabijin a kan wannan laifi daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, cikin wannan wata kuwa aka ci wani gidan rediyo na Legas tarar saboda hirar da ya yi da Obadiah Mailafia a kan kashe-kashen kudancin Kaduna. Gidajen rediyon Hausa suna fassara wannan da “kalaman ƙiyayya”, mai sauraro a zango ko a ƙauye kuwa yakan ɗauka an kama wani ne yana kiran a yi kisa. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa tambaya kawai mutumin ya yi.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki da Turanci yana da nasa tarkon. Fassarar Sarki James ta 1611 ta sa “hate” a Luka 14:26, inda Yesu yake magana a kan uba da uwa da mata da 'ya'ya na wanda zai zama almajirinsa. Saurayin da ya koyi kalmar daga labarun kotu zai firgita, ko kuwa, abin da ya fi muni, ya sami hujjar wulakanta iyayensa da ba su bi ba. Alhali Matiyu 10:37 ya kawo wannan koyarwa da maganar fifiko, wato wa aka fi ƙauna. Salon Ibraniyawa ne. A Farawa sura 29 fassarar nan ta ce an ƙi Lai'atu, ayar da ke gabanta kuwa ta riga ta bayyana cewa Yakubu ya fi son Rahila ne, shi ya sa fassarar NIV ta 1978 ta sassauta kalmar a wurin. Mutumin da ya haifi 'ya'ya bakwai da mace bai ƙi jininta ba. Tafintan da ke tsaye kusa da baƙon mai wa'azi a Tamale ko Garwa yana da daƙiƙa biyu ya zaɓa tsakanin ƙi, da tsana, da rashin fifitawa, jama'a kuwa abin da ya fito bakinsa za su tafi da shi gida.

Ayar da ta fi kowace rushe al'adar “hater” tana Littafin Firistoci 19:17. A nan an hana mutum ƙin ɗan'uwansa a zuciya, a cikin ayar nan kuma aka umarce shi ya tsauta masa a fili. Wato tsautawa ita ce maganin ƙiyayya, shiru kuwa shi ne takinta. Turancin zamani ya kifar da wannan tsari, ya kira mai tsautawa maƙiyi, ya kira mai shiru mai ƙauna. Ikkilisiyar da ta karɓi wannan juyi za ta cika da murmushi, ta kuma cika da irin su Absalom.

Amma in an bi ta ɓarawo sai a bi ta mabi sawu. Akwai masu bi da za su karanta wannan su ji daɗi, su ce ai dama gaskiya suke faɗa ake kiransu maƙiya. Su duba da kyau, gama ba kowane mai ɗaga murya da aya a baki ne mai tsautawa ba. A Topeka ta jihar Kansas akwai wata ƙaramar ikkilisiya, Westboro Baptist, wadda Fred Phelps ya kafa, akasarin membobinta kuwa iyalinsa ne. Sun yi suna da ɗaga alluna masu cewa Allah ya ƙi waɗannan, ya ƙi waɗancan. Sun tsaya da allunansu a jana'izar Matthew Shepard a 1998, suka tsaya a jana'izar sojojin da aka kashe a Iraƙi, suna murna a gaban iyayen da ke kuka. Su ma cewa suke yi gargaɗi suke yi. A gwada su da ma'aunin nan na dā: wanda ya je ya yi murna a bakin kabari ba gyaruwar mamaci yake nema ba. Mahaifin wani soja, Albert Snyder, ya kai su ƙara, a 2011 kuwa kotun ƙoli ta Amurka ta ba su gaskiya da alƙalai 8 a kan 1, domin tsarin mulkin ƙasar yana kāre magana ko da mummuna ce. Doka ba ta rufe musu baki ba.

Jikar Phelps, Megan, tun tana 'yar shekara 5 aka ba ta allo ta riƙe a bakin titi. Da ta girma ita ce ta zama muryar ikkilisiyar a Twitter. Dubban mutane suka zage ta, zagin kuwa bai motsa ta ba, ya ma ƙara tabbatar mata da abin da aka koya mata, cewa duniya maƙiyiyarsu ce. Waɗanda suka girgiza ta 'yan kaɗan ne, cikinsu har da wani Bayahude mai suna David Abitbol, mutumin da allunan gidansu suka sha la'antar jama'arsa. Ba su yarda da ita ba ko kaɗan, ba su kuwa ɓoye ba. Suka yi ta ja da ita wata da watanni, suna yi mata tambaya, suna nuna mata inda koyarwar gidansu ta saɓa wa kanta da kuma Littafin da take riƙe da shi. A watan Nuwamba 2012 ta kwashe kayanta, ita da ƙanwarta Grace, suka bar Westboro.